Wane suna za mu raɗa wa "cross country" da Hausa?

Jama'a, ga wata kalma da har yau ba a yanka mata rago ba. Masu kawo labarin wasanni da Hausa sun daɗe da samun sunan gudun kilomita 42 da ake yi a kan titi: gudun fanfalaki, ko gudun yada-ƙanin-wani. Tseren mita 5,000 da 10,000 da ake zagaya filin wasa kuwa, tseren dogon zango ya wadatar. Amma wanda Turawa ke kira "cross country", kowa ya zo sai ya jefa shi cikin fanfalaki ya wuce, alhali ba abu ɗaya ba ne.

Kafin mu raɗa suna, mu san abin tukuna. Babu inda ya fi nuna shi kamar Jami'ar Oregon da ke garin Eugene a Amurka.

Bill Hayward ne ya aza harsashin guje-guje a can. Ya fara horar da ɗalibai a 1904, ya yi shekara fiye da 40 yana yi, shi ya sa filin wasan jami'ar ke ɗauke da sunansa. Masu bin wasanni za su tuna filin, don a nan ne Tobi Amusan ta Nijeriya ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge a 2022. Bayan Hayward sai ɗalibinsa Bill Bowerman ya gaje shi. Mutumin ya damu ƙwarai da nauyin takalmin da yaransa ke sawa, har ya koma ɗinka musu da hannunsa. A 1964 shi da wani tsohon ɗan tserensa, Phil Knight, suka kafa kamfanin da daga baya ya zama Nike. An san labarin yadda ya zuba roba a tandar wainar matarsa don ya samu tafin takalmi mai haƙora da zai kama ƙasa ba tare da ya yi nauyi ba.

Ku riƙe wannan maganar ta kama ƙasa, domin nan ne bambancin yake. Ba a kan kwalta ake wannan tsere ba, ba kuma a kan shimfiɗaɗɗiyar hanyar filin wasa ba. A kan ciyawa ake yi, da taɓo, da hawa da gangara, a watannin da sanyi ke shigowa, wani lokaci har da ƙanƙara. A gasar jami'o'in Amurka, wadda aka fara a 1938, yanzu maza suna yin kilomita 10, mata kilomita 6. Ina wannan ina fanfalaki?

Sannan wasa ne na ƙungiya. Kowace jami'a tana sako mutum 7, a haɗa matsayin da 5 na farko suka zo, mai ƙaramin jimla ya ci. Idan naku suka zo na ɗaya zuwa na biyar, maki 15 ke nan, babu abin da ya fi shi. Saboda haka yaron da ke can baya yana kokawa da matsayi na 40 yana iya zama shi ne ya ɗauko kofin. Matan Oregon a 2016 da tazarar maki 1 kacal suka doke Michigan.

Bill Dellinger, wanda ya ci tagulla a mita 5,000 a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, shi ne ya mayar da Oregon gagara-badau a wannan fanni. A hannunsa maza suka ɗauki kofin ƙasa a 1971, 1973, 1974 da 1977. Tauraronsa Steve Prefontaine, yaron wani garin bakin teku mai suna Coos Bay, ya zo na ɗaya a 1970, 1971 da 1973. Ba ya laɓewa a bayan kowa ya jira zagayen ƙarshe. Tun daga farko yake wucewa gaba, wanda zai iya ya biyo. Ya zo na huɗu a mita 5,000 a gasar Olamfik ta Munich a 1972, ya rasu a haɗarin mota a 1975 yana da shekara 24. Har yau akwai hanyar gudu a Eugene da aka shimfiɗa da ɓarzajjen itace aka sa mata sunansa. Matan Oregon sun ci kofi a 1983 da 1987 da 2012 da 2016, maza sun dawo a 2007 da 2008, sannan Edward Cheserek, ɗan Kenya, ya zo na ɗaya shekara uku a jere, daga 2013 zuwa 2015.

To, yanzu ga sunayen da aka ba ni shawara a kansu.

Wani ya ce "gudun ƙetare ƙasa". Malam, wannan bin kalma da kalma ne. Duk Bahaushen da ya ji zai ɗauka mutum ya tsallake iyaka ne ya yi hijira. Ƙasar da ake nufi a nan ita ce bayan gari, ba ƙasa mai tuta ba.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce su "kuros" suke cewa tun a makaranta, daga Faransanci. Aro ba laifi ba ne, ai kwamfuta ma aro ce. Sai dai wanda bai san wasan ba, kalmar ba za ta gaya masa komai ba.

An kuma ce "gudun dawa". Allah ya gafarta Malam, a rufa mana asiri! Wa zai rubuta cewa Prefontaine ya yi fice a gudun dawa sau uku? "Gudun daji" ma maƙwabcinsa ne, kuma yana kama da wanda aka biyo.

"Tseren karkara" ya ɗan kwanta mini. Matsalarsa ita ce karkara a kunnenmu ƙauye ce da mutanenta, sai a zaci gasa ce ta 'yan ƙauye.

Ni dai na tsaya a kan "tseren ratsa-daji". Tsere ya nuna gasa ce, ya kuma raba mu da abin kunyar da ke cikin gudu. Ratsa ta nuna ba hanya ake bi ba, yankewa ake yi ta cikin fili, kuma haka abin ya faro a makarantun Ingila a ƙarni na 19, inda wasu yara ke wucewa gaba suna zubar da guntayen takarda, sauran su bi sawu. Na san za a ce yanzu galibi a filin golf ko wurin shaƙatawa ake yi, ina dajin? Ai daji a wurinmu ba sai mai kura ba. Duk inda gari ya ƙare, an shiga daji.

Ku gwada shi a baki: "Cheserek ya lashe tseren ratsa-daji na jami'o'in Amurka." "Ƙungiyar ratsa-daji ta Oregon." Mai yin sa ɗan ratsa-daji, mace 'yar ratsa-daji, jam'i 'yan ratsa-daji. Malaman Hausa da 'yan jarida, wanda ke da wadda ta fi wannan ya kawo, amma ya zo da jimlar da ya gwada ta a ciki.