Shawarar 'yan kallo ga masu fim ɗin gawa mai tafiya

Da aka tashi kallon fim ɗin zombi a wani gidan kallo na Samaru, gardama sai da ta bi mu har teburin mai shayi. Abin da aka fi nanatawa: in aljihu ba nauyi, a ɓoye dodon. Duhu da ƙarar jan ƙafa a zaure sun fi tayar da tsikar jiki, ba jinin da kowa ya gane zoɓo ne ba. Wani ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ya ce a zuba kuɗin a sauti, don rabin maganar iska ta cinye. Wasu suka ce minti 80 ya isa. Ni dai roƙona, a cire wa gawar sabon agogonta kafin a kunna kyamara.