Daga Ofishin Walwala Zuwa Majalisar Ghana: Musayar Waƙa

Malamin Zango:
Jama'a salamu alaikum, ga ni da tambaya,
Jami'ar walwala mai tsaya wa maraya,
Mai kai uba kotu in ya ƙi ciyar da ɗiya,
In tana son kujerar majalisa, ina hanya?

Hajiya ta Nima:
Malam, tsarin mulkin 1992 ya tsara,
Sashe na 94, daga nan ake farawa da shawara:
Shekara 21, katin zaɓe, haraji ba saura,
'Yar mazaɓar ce, ko cikin goma ta yi biyar can na shekara.
Sai dai ma'aikacin gwamnati ba ya takara,
Ta ajiye aiki tukuna, albashi ya ƙaura,
In ta faɗi, ba kujera ba ofis, biyu ke nan asara.

Ɗan Tamale:
Hajiya, kin bar zancen fom a baya,
Mutum 20 'yan mazaɓa ke sa hannu gaba ɗaya,
A 2024 sidi 10,000 aka biya,
Mace 7,500, an yafe mata rubu'i ɗaya.
Kuɗin kan dawo in ta kai kashi 12.5 na ƙuri'a,
Ƙasa da haka, sun tafi ba waiwaya.

Hajiya ta Nima:
Ƙanena, kuɗin fom ai somin taɓi ne,
Zaɓen fid da gwani, nan ramin yake a haƙe ne,
Daliget ba ya tambayar yara nawa ta mayar makaranta,
Kuɗin mota yake jira, da buhun da ta sauke a ƙofa tata.

Malamin Zango:
To a ce 7 ga Disamba ta yi nasara,
7 ga Janairu ta sha rantsuwa a Accra,
Sai ta kawo dokar ƙara tallafin yara?

Ɗan Tamale:
A'a Malam, sashe na 108 ya ɗaure hannu,
Ƙudurin da zai ci baitulmali, komai kyawunsa ga idanu,
Sai daga shugaban ƙasa, ɗan majalisa ya bi a sannu.
Abin da ke hannunta kwamiti ne da tambayar minista:
Kuɗin LEAP, tallafin gwamnati ga talakawa da aka soma a 2008, me ya tsai da shi a hanya tasa?
Duk wata biyu ake biya, tsohuwa na zaune tana lissafin kwananta.
Ga kuma layi da asuba a ƙofar gida,
Mai kuɗin makaranta, mai takardar asibiti, mai suna, mai gudummawar gawa.

Hajiya ta Nima:
Ku tuna Susanna Al-Hassan, 'yar Tamale,
Ita daga aji ta fito, alli ta aje,
A 1960 mata goma suka shiga majalisa, da ita aka je,
Nkrumah ya ba ta ma'aikatar walwala ta riƙe,
Har juyin mulkin 1966, majalisar aka rufe.