Ƙurajen fuska sun hana ni sakat a Legas

'Yar Agege: Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Fuskata akwai maiƙo sosai, tunda na dawo Legas da wannan zafi da zufa kafin in sauka daga danfo goshina ya fara ƙyalli, ƙuraje kuma sai fitowa suke, sau biyar nake wankewa a rana amma shiru.

Anti ta Idi-Araba: Ƙanwata wankin ne ya yi yawa ai, yana busar da fata ya ƙara tayar mata da hankali. Sau biyu ya isa, safe da dare, da sabulu mara ƙarfi. Ki nemi wanda yake da sinadarin salicylic acid a kemis, yana buɗe ƙofofin fata da maiƙo ya toshe, amma sai kin yi haƙuri sati 6 zuwa 8 kafin ki ga canji. Kuma don Allah kar ki matse, tabo yake bari.

Ɗan Mile 12: Wane mai kike shafawa? In na bilicin ne ki daina, da yawansu akwai sitiroyid ciki, shi kansa yana kawo ƙuraje.

'Yar Agege: Man kaɗanya nake sawa.

Anti ta Idi-Araba: Ki bar shi wa jiki. Ki dinga canza rigar filo da hijabi akai-akai, in ƙurajen sun ƙi ci sun ƙi cinyewa ki ga likitan fata a LUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas.