Neman shawara: yadda bidiyo zai yi kama da fim

Sani, Garwa: Assalamu alaikum. Na ɗauki wani gajeren wasan kwaikwayo a bakin kogin Binuwai, amma da na zauna haɗa shi sai na ga hoton ya fito tamkar labaran talabijin: goshin 'yan wasa yana ƙyalli, farar shaddar jarumin kuma ta ƙone a hoton, wato haske ya yi mata yawa, har ba a ganin aikin wuyanta. Ina roƙon waɗanda suka riga ni a sana'ar su ba ni shawara.

Malam Buba, Marwa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka taɓa launi, duba yawan hotunan da kyamarar take ɗauka a daƙiƙa ɗaya. Fim na sinima a kan 24 yake tafiya, amma da yake wutar lantarkin Kamaru da Cadi 50 Hz ce, na fi son ka sa 25, ka tsayar da saurin rufe idon kyamarar a 1/50 na daƙiƙa, domin haka ne motsin hannu da na riga zai samu ɗan laushin da ido ya saba gani a fim, kuma fitilun ɗaki ba za su riƙa ƙyaftawa a hoton ba. Da rana tsaka 1/50 zai shigar da haske fiye da kima, don haka ka nemi gilashin ND, wato gilashi mai duhu da yake rage hasken da ke shiga kyamara, ka ɗaura a gaban lensi, kada ka ɗaga saurin zuwa 1/2000, wanda shi ne yake sa motsi ya yi tsalle-tsalle.

Hajiya Falmata, Injamena: Ina goyon bayan Malam, amma a ganina babban laifin na lokacin ɗauka ne. Ranar Garwa da azahar ba ta yi wa fuska adalci. Ni nakan jira bayan la'asar, in sa rana a bayan mutum, sannan yaro ya riƙe farin ƙyalle daga gefe yana mayar da hasken a kan kunci. A lokacin hunturu hazo da kansa yake tausasa hasken, sai dai ƙurar tana shiga kyamara idan ka canja lensi a fili; na taɓa rasa aikin yini guda saboda ɗigo biyu baƙaƙe da suka zauna a sararin sama na kowane hoto.

Sani, Garwa: Na gode, Hajiya. To, wace manhaja za ku ba ni shawarar amfani da ita wajen gyaran launi?

Isiyaku, Ngaundere: DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design, akwai wanda ake saukewa kyauta kuma ya wadatar, sai dai yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi. Ka kiyayi LUT, wato shiryayyen tsarin launi da ake ɗora wa hoto, irin waɗanda ake rabawa a intanet, domin da yawansu suna mayar da baƙar fata toka-toka ko ruwan lemo. Ka fara daidaita fatar, sannan ka rage ƙarfin LUT ɗin zuwa rabi. Shaddar da ta riga ta ƙone kuwa ba ta dawowa, sai dai a sake ɗauka.

Malam Buba, Marwa: Idan ka gama, ka turo mana ta WhatsApp a matsayin fayil, domin idan ka turo shi a matsayin bidiyo za a matse shi, duk tsaki-tsakin fim da ka ƙara, wato ƙananan ɗige-ɗigen da ake sa wa hoto don ya yi kama da fim, ya dame.