Shin mai taɓin hankali yana cikin masu buƙata ta musamman a wurin gwamnati?

Mai tambaya, Azare:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana fama da taɓin hankali tun bayan da ya gama sakandare, kuma ko da yake yana samun sauƙi idan ya sha magani a kan kari, bai iya riƙe sana'a ba, domin ko shagon ɗinkin da muka sa shi bai jure zama ba. Kuɗin magani da na motar zuwa Bauchi sun fara fin ƙarfina, ga ni da marayu a gabana. Ana lissafa irinsa, ko kuwa sai makafi da kurame da guragu?

Malamin jinya, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Ana lissafa shi. Dokar hana wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haɗa da lalurar ƙwaƙwalwa mai daɗewa, har ma ta ce a duba mai irin wannan lalura kyauta a asibitocin gwamnati. Sai dai ba sunan ciwon kawai ake dubawa ba. Ana duba daɗewarsa da yadda ya hana mutum gudanar da rayuwarsa. Saboda haka ki nemi rahoto daga likitan ƙwaƙwalwar da ke ganinsa, wanda zai bayyana tun yaushe abin ya fara, da magungunan da yake sha, da abin da ya gagara yi. Da shi ake neman shaidar nakasa daga hukumar kula da masu nakasa ta tarayya. Kada ki zubar da tsohon kati ko takardar magani, ko da sun yage.

Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, Gombe:
Bayanin Malam daidai ne, amma ina so 'yar'uwata ta ji gaskiya tun da wuri: dokar ba ta yanka wa kowa alawus na wata-wata ba, kuma "kyauta" ɗin nan sau da yawa a takarda yake tsayawa, a kantin magani kuwa sai an biya. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne shirin lafiya na marasa galihu, wanda hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wato BASHCMA, ke gudanarwa a Bauchi, mu kuma takwararta GoHealth a nan Gombe. Ki fara da cibiyar lafiya ta mazaɓarku, ki tambayi ko maganinsa yana cikin abin da shirin ya ɗauka. Tallafin kuɗi kuwa ta rajistar mabuƙata ta ƙasa yake bi, kuma talaucin gida ake aunawa a can, ba ciwo ba.

Wani uba, Misau:
Mu da muka daɗe muna ruƙiyya kafin mu je asibiti mun sha wahala a nan, domin shekarun da ba su cikin fayil kamar ba a yi su ba ne. Hajiya, ki riƙa rubuta ranar da jikin ya tashi da abin da ya aikata, ki kai wa likita, saboda ranar da aka kai shi asibiti takan zo daidai da ranar da ya fi kowa natsuwa.