Gansakuka ta mamaye wurin ninkayar gidanmu, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da damina ta kankama, ruwan wurin ninkayar bayan gidanmu ya koma kore shar, ko matakala ta biyu ba a gani. Bango sai santsi, in ka shafa hannu kamar yauƙin kuɓewa.

Na goge da buroshi, na zuba kulorin da magariba har sau 3. Ruwan kan ɗan washe, bayan kwana biyu gansakukar ta dawo. Injin tacewar kuwa, saboda rashin wuta, da ƙyar yake samun awa 3 a rana.

Shin kulorin ne bai isa ba, ko yashin matatar ne ya gaji? Ba na son zubar da ruwan gaba ɗaya, don tankar ruwa ta yi tsada, yara kuma kullum sai tambaya. Don Allah wanda ya san aikin ya taimaka.