Yaya iskar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba take ɗumama duniya?

Ɗan Gwarzo:
Assalamu alaikum. An ce iskar kabon dayoksaid da ake ɗora wa laifin ɗumamar yanayi kashi 0.04 ce kacal cikin ɗari na iskar sama. To yaya ɗan wannan abu zai juya yanayin duniya baki ɗaya? Wasu kuma na cewa ɓular da aka yi a rufin ozon ce ke shigo da zafin. Wanne ne gaskiya? Sannan mu manoma akwai abin da ya rataya a wuyanmu, ko maganar masu masana'antu ce kawai?

Malamin Fizis:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lissafinka daidai ne, sai dai ba yawan iskar ake dubawa ba, aikinta ake dubawa.

Hasken rana yana ratsa iska ya sauka a ƙasa, ƙasa ta ɗauki zafi, sannan ta riƙa mayar da shi sama ta wani irin haske da ido ba ya gani. Naitirojin, wadda ita ce kashi 78, da oksijin mai kashi 21, ba ruwansu da wannan haske, ta cikinsu yake wucewa salin alin. Masu tare shi 'yan kaɗan ne: tururin ruwa, kabon dayoksaid, metan da naitiros oksaid. Su ke shanye shi su sake watsa shi ta ko'ina, wani ya koma ƙasa. Ka ga ke nan kashi 99 ɗin nan ba sa cikin lissafi tun farko. Tun a 1859 masanin kimiyya John Tyndall ya auna haka a ɗakin gwaji a Landan.

Wannan tarewa ita kanta rahama ce. Ba don ita ba, matsakaicin zafin duniya zai tsaya ne wajen digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, maimakon digiri 15 da muke rayuwa a kai. Matsalar ƙari ce. Kafin zamanin masana'antu kabon dayoksaid tana wajen 280 cikin kowane miliyan na ƙwayoyin iska. Da masanin kimiyya Charles Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawaii a 1958, ya tarar da kusan 315. Yanzu ta haura 420. Da ta ƙaru, sai zafin ya kasa ficewa har sai ya hau can sama inda ya fi sanyi, abin da ke fita ya ragu, dole ƙasa ta ƙara ɗumi kafin abin da ke shiga da wanda ke fita su daidaita.

Ka lura da daren da hadari ya rufe sama, yadda ɗaki ke ɗaukar zafi, da kuma daren hunturu da iska ta bushe, yadda sanyi ke sauka kafin asuba. Tururin ruwa da gajimare ne suka tare zafin a daren farko, a na biyu kuwa ƙofa a buɗe take.

Hajiya Mai Yanayi:
Malam ya gama da babbar tambayar. Maganar ozon kuwa matsala ce daban. Aikin ozon tare nau'in hasken rana mai ƙona fata ne, kuma sinadaran CFC na tsofaffin firji da na'urorin sanyaya ɗaki ne suka cinye shi, musamman a saman Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya. An hana su da yarjejeniyar Montreal ta 1987, rufin yana farfaɗowa a hankali, zafi kuma bai daina ƙaruwa ba.

Abin da nake so a riƙe shi ne batun ruwa. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara, tana iya ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin ɗari. Shi ya sa ɗumamar yanayi ba fari kaɗai take kawowa ba: ƙasa ta fi saurin bushewa tsakanin ruwa da ruwa, in kuma ya tashi zuwa ya zo kamar da bakin ƙwarya. Ba na son a jingina kowace ambaliya ga yanayi kawai. Ta Maiduguri a Satumbar 2024 akwai fashewar madatsar Alau a ciki. Amma magudana da gadar da aka gina bisa lissafin ruwan saman shekarun baya, dole a sake musu lissafi. Abin takaici, Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na kabon dayoksaid ɗin duniya, ga shi mu ke kwana a ciki.

Malamin Gona:
Ɗan Gwarzo, rabonmu kaɗan ne, amma akwai shi, kuma gyaransa riba ce ga aljihu. Fangalin shinkafa da ruwa ya kwanta a kai dare da rana ba iska a ƙasansa, ƙwayoyin cikin taɓo su ruɓar da ciyawa su fitar da metan. Ita kuwa a tsawon shekara 100 ta ninka kabon dayoksaid kusan sau 28 wajen riƙe zafi.

Ga yadda ake rage ta a noman rani. A samu bututun roba mai tsawon santimita 30, faɗin baki 10 zuwa 15, a huda jikinsa da yawa. A kafa shi a fangali, rabi a ƙasa rabi a waje, a kwashe ƙasar cikinsa. Mako ɗaya zuwa biyu bayan dashe sai a daina ba da ruwa har ruwan cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, sannan a sake cikawa ya kai santimita 5 a sama. Metan kan ragu kusan rabi, ruwa ya ragu har kusan kashi 30, fetur ɗin injin ban ruwa ma haka. Kowace lita ɗaya ta fetur kilo 2.3 na kabon dayoksaid take fitarwa.

Ɗan Gwarzo:
Allah ya saka da alheri. Malam, shinkafar ba za ta wahala ba?

Malamin Gona:
Amin. Saiwarta tana kaiwa ga damshin, in dai ba a bari ya wuce 15 ɗin ba. Inda ake yin asara shi ne lokacin fitar da kai: daga mako ɗaya kafinsa zuwa mako ɗaya bayansa kada a bar fangali ya bushe, in ba haka ba ƙwaya ta fito holoƙo. In ciyawa ta yi yawa, a jinkirta farawa da mako biyu ko uku har shinkafar ta rufe ƙasa. Gona mai rairayi da mai gishiri kuma ba su dace da wannan hanya ba. Takin yuriya a raba shi kashi biyu ko uku, a zuba daidai buƙata, domin rarar da shuka ba ta ci ba ce ke komawa naitiros oksaid idan ƙasa tana jiƙewa tana bushewa.